Hatimi Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Sufeto Dorsey Hallum mutum ne da duniya ba ta cika ɗaga wa hankali ba. Yana da mata mai haƙuri, da tsohuwar mota mai tashi da bugu ɗaya, da 'yar gonar tumatir a bayan gida. A safiyar Litinin ɗin nan ya sami burodi mai kirfa da zafinsa, ya sami kofi, ya miƙe ƙafa a ofis. Bai kai ga cizo na biyu ba Sajan Nita Ruiz ta leƙo tana danne dariya.

"Yallaɓai, an kawo ƙarar sata. Babba ce fa, ka shirya."

"Me aka sace?"

"Hatimin roba. Kuɗinsa dala bakwai."

Dorsey bai yi dariya ba. Mu mutanen Wichita, in ka ce hatimi, mun san ba na gidan waya kake nufi ba. Da wuya ka sami gida a garin nan da ba wanda ya taɓa cin abinci a masana'antar jirgin sama. Uban Dorsey kansa shekara ashirin da takwas ya yi yana ɗaure noti a jikin jirage.

"Shigo da mai ƙarar," in ji shi, ya ture burodin gefe.

Wata gajeruwar dattijuwa ta shigo, tabarau na lilo a wuyanta. Ta ƙare masa kallo kafin ta zauna.

"Kai ne ɗan Harlan? Kunnuwan nan ne suka tona ka. Ni ce Maxine Tolliver. Shekara talatin da ɗaya ina duba aiki a kamfanin Larkfield, sashen ƙofofin jirgi. Ni na riƙa duba aikin babanka, ban taɓa mayar masa da ko ɗaya ba."

"Da yana raye da ya yi mako yana fankama da wannan maganar. Me ya faru, Madam Tolliver?"

"An sace mini hatimi, an buga shi a takardun ƙofofi takwas da ban ko gani ba. Bakwai suna kan jirgin ƙasa tun Juma'a. Ta takwas an bar ta saboda 'yar ƙarzuwa a jikinta. Yau da safe makaniki ya taɓa ta, sai ya ji noti huɗu suna juyawa da yatsa. An duba takarda, ga lamba arba'in da bakwai, tawa. Ƙarfe tara aka dakatar da ni. Sun ce na buga ban duba ba, yanzu kuma ina ƙaryar an sace."

Kowane mai duba aiki da hatiminsa da lambarsa. In ya buga, to ya rantse ke nan cewa ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Wanda aka kama ya buga a kan ƙarya, ba aikinsa kaɗai zai rasa ba, har gaisuwar mutane a coci.

"A ina kike ajiye shi?"

"A aljihun rigar aikina. Ko banɗaki da shi nake shiga." Ta sauke numfashi. "Sai ranar Juma'a. An kafa tanti a filin mota, an gasa nama, an kawo wani ɗan takarar majalisa za a ba shi gudummawar kamfani. Aka ce kowa ya cire rigar aiki ya sa riga mai hoton mutumin, don a yi kyau a jarida. Na rataye tawa a loka, kabad ɗin ajiyar kayana, hatimin yana cikin aljihunta. Daga tanti aka sallame mu gida."

"Ƙarfe nawa takardun suka ce an duba ƙofofin?"

"Daga biyu da rabi zuwa uku da kwata. A lokacin ina tsaye da cokali ina zuba wa mutane kabeji. Ɗan Harlan, ba fansho nake yi wa kuka ba. Sunana nake so a wanke."

Dorsey ya ɗauki hularsa.

A zauren shiga na Larkfield wani dogo mai ƙamshin turare ya tarbe su, hannu a miƙe tun daga nesa. Shi ne Mista Garrett Lind, manajan masana'anta, kuma ma'ajin asusun siyasa na kamfanin. A bangon da ke bayansa an kafa wani ƙaton cek na kwali, tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki, irin wanda ake ɗagawa don hoto kawai. A ƙarƙashinsa ga akwatin katako mai kwaɗo, inda ma'aikata ke jefa ambulan gudummawarsu, wai da son ransu.

"Abin tausayi ne, Sufeto," in ji Lind. "Maxine tamu ce, amma shekaru ba ƙarya ba ne. Ido ya gaji, hannu ya gaji. Ba sai an sa 'yan sanda ba."

"Masu duba aiki nawa ne a sashenta?"

"Biyar."

"Da can fa?"

"Goma sha huɗu. Zamani ya canza, ai. Abin da muke nuna wa majalisa ke nan: kamfani mai hankali zai iya duba kansa, ba sai gwamnati ta cika mana wuri da jami'ai ba."

"Shi ya sa cek ɗin ya yi girma haka," in ji Nita, fuskarta ba alamar wasa.

Lind ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba. Kowa dai ya san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

"Ina kake ranar Juma'a daga biyu zuwa uku da rabi?" in ji Dorsey.

"A tanti, mana. Ni ne mai masaukin baƙi. Uku da rabi na miƙa cek."

"Wa ke da makullin da ke buɗe kowace loka?"

"Ni da foman, Buck Yoder. Ku tambaye shi, shi ya gan ta."

Buck Yoder ƙato ne mai jan gemu. Suka same shi a bakin rumfar aiki yana murza hula a hannu kamar wanda zai matse ruwa daga cikinta.

"Na gan ta," in ji shi, idonsa a kan takalmin Dorsey. "Wajen biyu da rabi ta bar tanti ta shiga ciki."

"Da wace riga?"

"Da... rigar aiki."

"Wadda ke rataye a loka?"

"To, ko ta ɗan takarar ce. Ban lura ba."

"Kai a ina ka tsaya?"

"Wajen masu gashi."

Nita ta bi ma'aikata tana karɓar hotunan da suka ɗauka a waya. Kafin rabin awa ta dawo da fiye da sittin.

"Ga Madam Tolliver da cokalinta, biyu da minti arba'in. Ga ta uku saura biyar. Ga ta uku da goma tana yi wa wani faɗa ya ɗebi nama da yawa. Buck kuwa, mutum kamar firiji, ba ya cikin ko ɗaya. Yallaɓai, yana da makulli, ya yi ƙarya, ba ya tanti. Me muke jira?"

"Mu jira mu ga sifana tukuna," in ji Dorsey.

Siton kayan aiki yana hannun wani tsoho mai suna Tran, wanda ke zaune a bayan ragar ƙarfe kamar mai sayar da tikiti. Kowane ƙarfe a bangonsa da ƙusarsa da zanen siffarsa. In babu shi, zanen zai tsaya fayau yana kai ƙara.

Dorsey ya miƙa masa kwafin takardun ƙofofin. "An rubuta a nan cewa da sifanar awo mai lamba goma sha biyu aka gwada notocin."

Tran ya kawo takardar dab da hancinsa, sai ya tuntsire da dariya har da tari.

"Sha biyu? Ranar Juma'a? Dubi bango, Sufeto."

Gurbin sha biyu fanko ne.

"Tun Alhamis da safe na aika da ita wajen masu saita awo. Duk wata shida ake yi. Sai jibi za ta dawo. Da lamba tara ake aiki yanzu."

"Wa ya san da haka?"

"Duk mai datti a farce. Maxine ce ta tuna mini ranar. Buck ne ya sa hannu a takardar fita."

"To wa zai rubuta sha biyu?"

"Wanda ya kwafa daga takardun makon jiya," in ji Tran. "Ni ban ce kowa ba. Ina da jikoki a makaranta."

Nita ta dubi Dorsey, ta rufe littafinta a hankali.

Ƙofar ta takwas tana kan wani marikin ƙarfe a ƙarshen rumfa, an zagaye ta da jan tef. Dorsey ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya haska tocila. A kan kowane noti akwai ɗigon fenti rawaya, tsaf-tsaf, a tsakiyar kansa.

Ya daɗe yana kallo. Can sai ya yi murmushi.

"Nita, kin taɓa hawa keke?"

"Yallaɓai, bincike muke yi ko hira?"

"Ina ɗan shekara bakwai babana ya haɗa mini keke. Da ya ɗaure kowane noti, sai ya ja layin fenti daga kan notin har ya sauka a jikin ƙarfe, layi ɗaya. Ya ce in notin ya motsa ko yaya, layin zai rabu biyu, ka gani da ido. Amfanin fentin ke nan. Yara suka yi ta yi mini dariya, kekena kamar mai zanen fuska."

Ya nuna ɗigon da ɗan yatsa.

"Wannan ɗigo ne a ka kawai. Notin zai iya juyawa har ya faɗo, ɗigon na nan lafiya lau. Wanda ya yi wannan ya sha ganin rawaya a kan noti daga nesa, ya ɗauka ado ne. Buck ko cikin barci ba zai yi haka ba."

Aka sake kiran Buck. Dorsey ya miƙa masa tocila, ya nuna masa notocin. Buck ya sunkuya ya duba. Wuyansa ya yi ja har ya fi gemun.

"Wane jaki ne ya yi wannan?"

"Jakin da kake yi wa shaida. Ina ka je ranar Juma'a?"

Buck ya zauna a kan wani akwati. "'Yata ce ke wasan ƙarshe na ƙwallon makarantarsu. Ƙarfe ɗaya na sulale, ban nemi izini ba. Yau da safe Mista Lind ya kira ni, ya ce ya san na gudu. Ya ce ko in ce na ga Maxine ta shiga, ko in kwashe kayana." Ya share fuska da hular. "Matar nan ita ta koya mini riƙe sifana."

"Sun ci wasan?"

"Sun ci."

"To madalla. Sajan za ta rubuta bayaninka na gaskiya, ka sa hannu."

Suna komawa zauren shiga Nita tana ta jan hotuna a waya.

"Na bi ta kan Buck na manta da mai turare," in ji ta. "Ga Lind biyu da kwata yana rungume da ɗan takara. Daga nan babu shi sai uku da minti ashirin da biyar, yana gyara wuyan riga. Amma wannan ba hujja ba ce. Zai ce banɗaki ya je."

Dorsey ya matsa gaba. Ya tsaya a gaban ƙaton cek ɗin, hannuwa a baya, kamar baƙauye a gidan tarihi. Tun shigowarsu ta farko wani abu ya tsaya masa a gefen ido. A kusurwar dama ta ƙasa, inda mai ɗagawa ke riƙewa, akwai shatin babban yatsa, rawaya ɓaro-ɓaro.

Lind ya fito daga ofis da murmushinsa.

"An gama, Sufeto? Ina da taro."

"Saura kaɗan. Wa ya riƙe cek ɗin nan ta dama?"

"Ni. Yana cikin jarida ma."

"Wannan rawayan fa?"

Lind ya duba. Murmushin ya ɗan girgiza, ya dawo. "Mastad ne, miyar nan rawaya da ake shafa wa gashi. An ci nama, ai."

"Haka na zata." Dorsey ya sa farce ya ƙwanƙwasa gefen tabon, ya ba da 'yar ƙara kamar busasshen ƙaro. "Sai dai matata kullum tana wanke mastad daga rigata, ban taɓa jin yana ƙara ba. Mista Tran ya ce fentin noti minti ashirin yake yi kafin ya bushe. An gama ɗiga na ƙarshe uku da kwata, an ɗaga cek uku da rabi. Za mu tafi da kwalin, masu gwaji su gaya mana fentin wane ne, yatsan kuma na wane ne."

"Wannan dukiyar kamfani ce!"

"Hatimin ma haka."

Nita ta jingina da akwatin gudummawa, ta ɗan karkata shi da ƙugu. Wani abu ya gangara a ciki, ƙwal, ya bugi katako.

"Yallaɓai, ambulan yana ƙara?"

"Sai dai in mastad ne a ciki. Mista Lind, makullin akwatin nan a hannun ma'aji yake, ko? Ka buɗe da kanka, ko in aika wa alƙali ya ba ni takarda. Ni ba na sauri. Akwai kofi a nan?"

Lind ya tsaya kamar an dasa shi. Daga baya ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya buɗe kwaɗon. A kan tarin ambulan ga ɗan hatimi mai baƙar mariƙa da ta sha hannu har ta yi sulɓi. A gindinsa an rubuta 47.

Lind ya zube a kujerar baƙi.

"Na so in mayar da shi loka," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Sai na ji ana kiran sunana a lasifika. Na zo wucewa da gudu na jefa shi a nan. Yau kuma kafin in iso an riga an gano ƙofar."

"Me ya kai ka?"

"Na rubuta a jawabina cewa da mutum biyar mun fitar da ƙofofi takwas a kan lokaci. Ɗan takarar zai kai maganar majalisa. Ranar Juma'a da rana ga ƙofofi a ƙasa ba a duba ba, ni kuma da bakina na tura masu dubawar tanti. Na ce ai makanikai sun riga sun ɗaure, dubawa al'ada ce kawai. Ban san akwai waɗanda ba a gama ba. Na rantse ban sani ba."

"Don a sani ɗin ake biyan Madam Tolliver," in ji Dorsey. "Da ka gano, sai ka ɗora mata. Wannan ne ya fi ba ni haushi, ban ɓoye maka ba. Kafin Sajan ta karanta maka haƙƙinka, ɗauki waya ka sa a tsayar da ƙofofi bakwai ɗin nan duk inda suke."

Lind ya buga wayar. Aka ce jirgin ƙasan yana wata tasha a Montana, za a cire taragon a ajiye. Sannan Nita ta sa masa ankwa, ta karanta masa abin da doka ta ce a karanta.

Motar 'yan sanda tana bayan masana'anta, don haka dole aka ratsa da shi ta rumfar aiki. Injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi tafi. A bakin ƙofa ga Maxine Tolliver, Tran ya kira ta a waya, ta zo da jakarta a hammata. Lind ya sunkuyar da kai zai wuce.

"Garrett," in ji ta. "Da ka tambaye ni, da na nuna maka yadda ake jan layin."

Aka sa shi a mota.

Dorsey ya ɗaga 'yar ledar shaida, hatimin na ciki. "Sai an gama shari'a zai dawo hannunki, Madam. Amma sunanki ya fita tas, yau zan rubuta."

Ta sa tabarau ta dubi hatimin ta cikin leda. Idonta ya kawo ruwa, ba ta ɓoye ba.

"In ya dawo, almakashi zan sa masa da hannuna. Hatimin da wani ya buga ba ya komawa aiki, haka muka gada. Shekara talatin da ɗaya bai yi ƙarya ba, aka sa shi ya yi takwas a wuni ɗaya." Ta cire tabarau ta goge. "Ba komai. Roba ce. Idon yana nan."

Buck ya matso yana jan ƙafa, rigar aikinta a hannunsa.

"Madam Tolliver, ni dai..."

"Na ji 'yarka ta ci wasa. Kai kuma ka faɗi naka. Za mu yi maganar, ba yau ba." Ta karɓi rigar ta zura. "Me kake tsaye kana kallona? Je ka karɓo mini lamba tara wajen Tran."

Dorsey ya tsaya daga nesa har ta durƙusa a gaban ƙofar ta takwas. Ta goge ɗigon farko, ta ɗora sifana, ta ja har ta yi ƙas. Sannan ta ɗauki fenti ta ja layi ɗaya daga kan notin zuwa jikin ƙarfe, daidai yadda yake a kekensa na yarinta.

"Mu tafi, Nita," in ji shi, yana gyara hula. "Burodina ya huce, amma zan ci shi a haka."